Gyaran farashi a manhajar rubuta takardar tayin aiki: sharhin mai haƙa rijiya da haɗa famfon sola

Sana'ata haƙa rijiyar burtsatse ce da haɗa famfon sola, kuma yawancin ayyukana a ƙauyukan Auyo da Kafin Hausa da Kaugama na Jihar Jigawa suke, sai jefi-jefi a kira ni ɓangaren Birnin Kudu ko Gwaram. Masu ba ni aiki su ne ƙungiyoyin manoman rani, da kwamitocin masallatai da na makarantun Islamiyya, da 'yan asalin gari mazauna Kano ko Abuja waɗanda suke son yi wa mahaifarsu sadaka mai gudana ta ruwan sha. Dukansu sai sun ga takarda kafin su saki kuɗi, shi ya sa na koma amfani da manhajar wani kamfanin ƙasar waje wadda ake shirya takardar tayin aiki da ita, a tura wa mai aiki ya karanta a wayarsa, ya sa hannu idan ya amince. Wannan sharhi a kan ɓangare guda ne na manhajar, wato yadda ake gyara farashi a cikinta, domin a nan ne ake gane ko tana da amfani ga irinmu ko kuwa kwalliya ce kawai.

Wanda bai yi sana'a irin tamu ba a 'yan shekarun nan zai ɗauka gyaran farashi abu ne da ake yi sau ɗaya a shekara. Daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya sakar wa kasuwa darajar naira, dalar da ake samu a hukumance wajen naira 460 ta kama hawa har ta zarce 1,500 a Fabrairun 2024, ta sauko kusa da 1,100 a Afrilu, sannan ta sake tashi. Farantan sola da sumo, wato injin da ake zura wa cikin rijiya ya turo ruwa, da na'urar da ke sarrafa wutar famfo duk daga waje ake shigo da su, galibi daga Sin, saboda haka abin da 'yan canji suka faɗa a kasuwar Wapa ta Kano da safe, kafin la'asar ya isa shagunan Sabon Gari inda muke sayayya. Bututu da rodi da siminti ma suna da nasu tashin, har buhun siminti ya taɓa haura naira 10,000 a farkon 2024. A irin wannan yanayi, takardar da aka rubuta ranar Litinin da riba tana iya zama asara kafin Juma'a.

A tsarin manhajar, farashi yana zaune a wuri uku. Na farko shi ne rumbun ayyuka, inda mutum zai jera duk abin da yake sayarwa ko yake yi, kowanne da sunansa da bayaninsa da ma'auninsa da kuɗinsa, kamar haƙa kowace mita, da bututun kesin da ake zura wa ramin don kada ya rufta, da tsakuwa, da faranti ɗaya, da gadon tanki, da ladan haɗawa, da kuɗin jigilar injin haƙa. Na biyu shi ne samfurin takarda, wato shiryayyiyar takarda ta aikin da ake yawan maimaitawa, irin rijiya da tanki na masallaci ko famfon ban-ruwa na gonar rani. Na uku ita ce takardar da aka fitar wa wani mutum da sunansa. Idan na gyara kuɗi a cikin takardar mutum guda, rumbu ba ya canzawa. Idan kuma na gyara a rumbu, takardun da suka riga suka fita suna nan yadda aka tura su. Sababbin takardun da aka zuba wa kaya kai tsaye daga rumbu ne kaɗai suke ɗaukar sabon farashi.

Wannan rabuwa ita ce mafi alherin abin da na samu a manhajar. A cinikinmu, da zarar mai kaya ya furta kuɗi, mai saye ya riƙe shi da wannan magana, kuma ba abin da ke zubar da mutuncin ɗan kasuwa a ƙauye kamar a ce ya faɗi kaza jiya, yau ya dawo da wani zance. Na ga amfanin hakan ƙarara a wani ƙauye da ke gefen fadamar Auyo, inda kwamitin masallacin Juma'a yake tara kuɗin rijiya ta hanyar karo-karo. Tsakanin ranar da na tura musu takarda da ranar da suka zauna, faranti ya tashi a Kano, ni kuma na riga na ɗaga kuɗinsa a rumbu saboda sauran masu tambaya. Bayan an sauko daga masallaci aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ma'aji ya ciro wayarsa yana goge fuskarta da bakin riga, dattawa suka sunkuyo suna leƙe. Shugaban kwamitin ya ce, “Injiniya, mun ji an ce kaya sun tashi. Maganarmu tana nan?” Na ce, “Ranka ya daɗe, tana nan har ranar da aka rubuta a ƙasan takardar.” Ma'aji ya buɗe, ya karanta jimilla da ƙarfi, ta zo daidai da wadda aka sanar wa jama'a makon da ya wuce, ba ragi ba ƙari. Ribata ta ragu a wannan aiki, amma babu wanda ya tashi daga wurin yana zargin an yi masa wasa da alƙaluma.

Abin da ke kare ɗan kwangila daga wannan alkawari nasa shi ne wa'adi. Manhajar tana ba da damar sa ranar da tayi zai ƙare, bayanta maɓallin sa hannu ya mutu, mai aiki ya ga rubutu cewa wa'adin ya wuce. Kwana 30 take sawa da kanta, wanda ya yi yawa ga mai sayen kayan da dala ke juyawa, don haka nakan rage shi. Sai dai rage wa'adi yana da tasa matsalar a karkara, domin kwamiti ba ya zama sai ranar Juma'a, kuɗin manomi kuma yana ɗaure a buhunan shinkafa ko riɗi har sai ya kai su kasuwar Gujungu ranar Lahadi ko ta Maigatari ranar Alhamis, ɗan gari mazaunin birni kuwa sai albashi ya shigo. Abin da ya dace da mu shi ne wa'adi biyu a takarda ɗaya: gajere ga kayan waje, dogo ga ladan aiki da tsakuwa da sauran abin da ba ya saurin motsi. Manhajar wa'adi ɗaya kawai take da shi ga takarda gaba ɗaya. Dabarar da na koma yi ita ce in raba jadawalin kuɗi gida biyu, in rubuta a ƙarƙashin na kayan waje cewa za a sake tabbatar da kuɗinsu a ranar da aka biya kafin alƙalami. Rubutu ne kawai, manhajar ba ta tilasta shi, amma yana hana gardama.

Inda manhajar ta fi gajiyar da ni shi ne ɗaga farashin abubuwa da yawa a lokaci ɗaya. Waɗanda suka ƙera ta sun ɗauka mutum zai buɗe abu guda, ya goge tsohon kuɗi, ya rubuta sabo, ya adana, ya koma baya ya buɗe na gaba. Ga mai ayyuka goma wannan ba komai ba ne, amma rumbun mai haƙa rijiya cike yake da ƙananan kaya, daga gwiwar bututu zuwa igiyar rataye sumo, kuma a kan waya da sabis mai zuwa yana ɗaukewa, aikin yana cinye yini. Akwai hanyar fitar da rumbun gaba ɗaya zuwa Excel, a gyara a can, a mayar da shi, kuma ita nake bi, amma sai da kwamfuta, sannan idan aka taɓa lambar shaidar wani kaya ko da harafi ɗaya ne, manhajar ba za ta gane shi ba, sai ta ƙirƙiri sabo ta bar tsohon, a wayi gari da faranti biyu masu suna ɗaya da kuɗi daban-daban. Babu wani gargaɗi da take bayarwa kafin ta yi hakan.

Wani zai ce ai maɓalli ɗaya ya isa, a ɗaga komai da kashi 10 cikin 100 a huta. Ko da akwai shi ba zan taɓa shi ba, domin kayanmu ba sa tashi tare. A 2023 da 2024, yayin da dala ke hawa a nan, kuɗin farantin sola a kasuwar duniya faɗuwa yake yi saboda masana'antun Sin sun ƙera fiye da abin da ake buƙata, don haka tashinsa a Kano bai bi dala sawu da sawu ba. Kuɗin haƙa kuma dizal yake bi, wanda ya yi tashin gwauron zabi tun 2022, kafin a zo kan fetur. Ladan leburori yana bin kuɗin abinci da lokacin aikin gona, domin a tsakiyar girbin shinkafa ba za ka samu matashi ya tsaya maka a bakin rijiya da kuɗin da zai karɓa da bazara ba. Abin da nake buƙata shi ne in zaɓi rukuni guda, misali kayan waje, in ɗaga shi da kason da na ga dama, in bar sauran. Manhajar ta san rukuni, tana jera kaya a ƙarƙashinsa don sauƙin nema, amma ba ta bari a gyara kuɗin rukunin a dunƙule. Na rubuta wa masu kula da ita a kan haka, suka amsa da ladabi cewa sun ji, abin ya tsaya nan.

Samfuran takardu kuma suna da wani tarko wanda ya kamata sabon shiga ya sani. Ranar da aka zuba kaya daga rumbu zuwa samfuri, samfurin yana kwafe kuɗin wannan rana ya riƙe, ko da an gyara rumbu daga baya. Akwai ɗan maɓalli na sabunta farashi a saman jadawalin, amma ƙarami ne, kuma ba ya nuna alamar cewa kuɗin da ke ciki ya tsufa. Dokar da ke da kyau ga takardar da aka tura wa mutum, ita ce aka ɗora wa samfurin da ba a yi wa kowa alkawari da shi ba, alhali a nan sabon kuɗi ake so kullum.

Game da aikin da ake aunawa, manhajar ta yi ƙoƙari. Zurfin rijiya ba a saninsa tabbas sai an haƙa, kuma kuɗin mita ɗaya ya dogara da irin ƙasar. A gabashin Jigawa, wajen Haɗejiya da Auyo, yashi da yumɓu ake ratsawa, aikin yana sauri, amma bututun kesin yana ci da yawa domin ramin kan rufta idan ba a tsare shi ba. A Birnin Kudu da Gwaram da Dutse kuwa dutse ne a ƙarƙashi, sai da injin iska mai ƙarfi da guduma, dizal yana ƙonewa, ga fargabar a haƙa a rasa ruwa. Na sa su a rumbu a matsayin ayyuka biyu daban, kowanne da kuɗin mitarsa, sannan a takarda in rubuta adadin mitocin da nake hasashe. Idan zurfi ya ƙaru, adadin kawai nake canzawa, jimilla ta gyara kanta. Tana kuma da zaɓin barin mai aiki ya canza adadi da kansa, wanda na rufe a kan haƙa, domin ba mai biyan kuɗi ne ke yanke zurfin ruwa ba, na bar shi a buɗe a kan yawan kawunan famfo.

Sai maganar ragi, wadda babu cinikin da ake gamawa a ƙasarmu ba tare da ita ba. Manhajar tana karɓar ragi iri biyu, na kaso da na tsayayyen kuɗi, a kan layi ɗaya ko a kan jimilla, kuma tana nuna tsohon kuɗin da layi a kansa, sabon a gefe. Masu aiki suna jin daɗin ganin haka, domin ma'aji yana da abin da zai nuna wa jama'a cewa kwamiti ya yi tayi an kuma sallama masa. Abin da ya fi amfanata shi ne wani gurbi ɓoyayye wanda mai aiki ba ya gani, inda nake rubuta kuɗin da na sayo kaya, manhajar ta riƙa nuna mini ribar da ta rage duk lokacin da na taɓa farashi. A ɗauki misali: aikin da zai ci naira 800,000, aka ɗora kashi 25 cikin 100, ya zama 1,000,000. Idan Alhaji ya ce a rage masa kashi 10, a kunne ba shi da yawa, amma naira 100,000 ce daga cikin ribar 200,000, wato rabinta ta tafi. Idan ya nace sai kashi 20, an yi aikin kyauta ke nan. Lissafi ne mai sauƙi, amma a gaban babban mutum yana cewa “haba ɗana, aikin Allah ne fa”, hankali ba ya tsayawa ya yi shi. Lambar da ke komawa ja a fuskar waya tana ba mutum ƙarfin halin cewa albarka cikin ladabi.

Duk da haka ba kowane sassauci ne ake yi da rage kuɗi ba. Sau da yawa abin da ke rufe ciniki gyara ne, a ƙara kan famfo ɗaya kyauta, ko a yi alkawarin zuwa duba famfon bayan damina ba tare da an biya ba. Ana iya sa irin wannan layi a rubuta masa sifiri, kuma nakan yi, amma na fi son in rubuta kuɗinsa na gaskiya sannan in cire shi gaba ɗaya a matsayin ragi, don mai aiki ya san darajar abin da aka ba shi. Haka kuma akwai layukan zaɓi, waɗanda mai aiki zai iya ɗauka ko ya bari, jimilla tana sauyawa a gabansa. Wannan ya rage mini jayayya ƙwarai. Ƙungiyar manoman da kuɗinta bai kai ba, maimakon ta matsa mini in karya farashi, sai ta cire shingen waya ko ta zaɓi ƙaramin tanki, ta bar sauran zuwa kaka.

Haraji yana buƙatar lura. Harajin VAT kashi 7.5 ne tun watan Fabrairun 2020, ba kowane kaya ne yake ɗauke da shi ba, ba kuma kowane ƙaramin ɗan kasuwa ne doka ta ɗora wa karɓarsa ba, don haka ya yi kyau da manhajar ta bar mutum ya kunna shi ko ya kashe a kan kowane layi. Wurin da ake iya samun saɓani shi ne wanne ke fara shiga, ragi ko haraji. Idan aka cire naira 100,000 daga 1,000,000 kafin haraji, harajin zai zama 67,500, jimilla 967,500. Idan kuma aka fara ɗora haraji sannan aka cire 100,000 ɗin, jimilla 975,000 ce. Bambancin naira 7,500 kaɗan ne, amma ya isa akawun wata ƙungiyar agaji ya dawo da takarda. Saitin yana can cikin wani lungu na shafin asusu, ba a kusa da jadawalin kuɗi ba, kuma sai mutum ya gwada da ƙaramin lissafi kafin ya tabbatar da wanda take bi. Alamar naira tana nan cikin kuɗaɗen da ta sani, sai dai tana nace wa rubuta kwabo a ƙarshen kowace lamba, abin da ke cika jadawali da sifirai har dattijo mai raunin ido ya karanta dubu ɗari a matsayin miliyan goma. Ana iya kashe shi, kuma na kashe.

Idan an riga an sa hannu, takarda tana kulle, ba mai iya taɓa ko sisi a cikinta, har da ni. Duk wani canji sai an fitar da sabuwar takarda mai lamba ta biyu, tsohuwar tana nan a ajiye da ranarta da sa'arta. Na yarda da wannan tsari ɗari bisa ɗari. Ƙorafina shi ne sabuwar ba ta nuna wa mai aiki abin da ya canza, sai dai ya jera biyun yana dubawa layi bayan layi. Idan an haƙa an tarar ruwa ya fi nisa, ana buƙatar ƙarin mita da ƙarin bututu da ƙarin waya, abin da mutum yake so ya gani shi ne waɗannan layuka uku da abin da suka ƙara, ba takarda mai shafi huɗu daga farko ba. Shi ya sa nake fitar da wata 'yar takarda daban ta ƙarin aiki kawai, in ambaci lambar ta farko a samanta.

A ɓangaren masu karɓa, gaskiyar magana ita ce da yawansu ba sa buɗe mahaɗin da manhajar ke turawa ta imel, domin ba su da imel ɗin da suke dubawa. Ta WhatsApp ake aiki, kuma sau da yawa sai na sauke takardar na tura ta a matsayin fayil, wani lokaci ma a buga ta a shagon kwamfuta na cikin gari don dagaci ya riƙe a hannu. Da zarar ta fita ta wannan hanya, wa'adi da layukan zaɓi da duk wata hikimar manhajar sun daina aiki, ta zama takarda kamar kowace takarda, kuma tsohuwa tana iya yawo a wayoyin mutane bayan an fitar da sabuwa. Saboda haka nake rubuta lambar takarda da ranar ƙarewar wa'adi da manyan baƙaƙe a shafin farko. Sunayen kaya da bayanansu da Hausa nake rubutawa, kuma haruffanmu masu lanƙwasa suna fitowa daidai, amma kawunan jadawali da maɓallai da Turanci suke, sai wasu kaɗan da take bari a sauya.

Kuɗin hayar manhajar da dala ake biya duk wata ko duk shekara, wanda ke nufin ita ma farashinta yana tashi a kaina ko da kamfanin bai ƙara komai ba. Daga 2022 bankuna da dama sun dakatar da biyan kuɗi zuwa waje da katin naira, sai a 2025 wasunsu suka dawo da shi, kuma a tsakanin nan sai ta hannun mai katin dala ake sabuntawa. Gurbin ganin riba da na yaba ɗazu ba ya cikin tsari mafi araha, sai an hau na sama da shi. Mai haƙa rijiyar fadama da hannu, wanda cinikinsa baki da baki ne da manomi ɗaya, ba shi da abin da zai tsinta a nan da ya kai kuɗin. Wanda yake hulɗa da kwamitoci da ƙungiyoyin agaji da masu turo kuɗi daga birni, yana fitar da takardu da yawa a wata, shi zai mayar da kuɗinsa, da sharaɗin yana da kwamfuta kuma ya ware rana guda a mako ya zauna da rasitan kasuwannin Sabon Gari da Ƙofar Ruwa na Kano ya daidaita rumbunsa, sannan ya bi samfuransa ɗaya bayan ɗaya ya danna maɓallin sabuntawa.